Daƙiƙa Arba'in a Zaure

Ranar Asabar ce cikin watan Agusta, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a falona da ke Rano. Mu uku ne: ni, da Yaya, ɗan wan mahaifina, da Gwaggo, ƙanwar iyayenmu maza, wadda ita kaɗai ta rage cikin tsofaffin gidanmu. Su biyun sun taso daga Kibiya tun da hantsi a motar haya, saboda sabis ɗin waya ya fi tsayawa a unguwarmu, kuma ina da sola. Na haɗa kwamfuta da talabijin, na jawo wa Yaya kujera har gwiwarsa tana taɓa teburin, domin daga nan kaɗai yake iya gani. Muna jira ne a nuna aikinsa na shekara bakwai a wani taro da ake yi ta intanet. An ba shi minti goma.

Yaya mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Kibiya. A shekarun farko na shari'a wani ya kawo masa tsohuwar kwamfuta ta gwanjo daga Kano ya ce ya duba, bai sake dawowa ba. Da Yaya ya samu ta tashi, sai ya tarar da wasa a cikinta. Tsohon wasan harbi ne, irin wanda ba ka ganin mutumin da kake sarrafawa sai hannunsa da bakin bindigarsa a ƙasan allo, kamar da idonka kake tafiya. Kana bin lunguna, dodanni suna fito maka, kana harbi, kana neman ƙofar fita. Lokacin ana sa ido a kan irin waɗannan abubuwa, har wani malami maƙwabcinsa ya zo ya zauna ya kalla daga farko zuwa ƙarshe. Da zai tashi ya ce bai ga caca ba, bai ga tsiraici ba, ɓata lokaci kawai ya gani, shi kuma wannan tsakanin mutum ne da Ubangijinsa.

Harbin bai daɗe yana burge Yaya ba. Abin da ya kama shi shi ne da ya gano cewa mutum yana iya gina nasa wurin a cikin wasan, ya ja bango, ya ɗora rufi, ya sa ƙofa, ya ajiye dodanni inda yake so. Masu wannan aiki taswira suke kiran abin da suka gina, kuma suna da yawa a duniya, suna aika wa juna kyauta. Ni a lokacin ina ɗakin labarai na wani gidan rediyo a Kano, aikina fassara da karanta labarai. Duk ƙarshen mako sai in buga masa bayanansu a takarda in kai masa Kibiya, in zauna a bencin shagon ina fassara masa layi layi yana gwadawa. Ban taɓa iya ginin ba. Fassara kawai na iya.

Gidan kakanmu yana bayan kasuwa. A cikinsa aka haifi iyayenmu, aka haifi Yaya, aka haife ni. Bayan rasuwar iyayenmu aka raba gado, aka sayar, wanda ya saya ya rushe shi cikin mako guda ya gina siton hatsi. Da muka nemi hotonsa sai muka ga duk hotunan da muke da su a ƙofar gida aka ɗauka, ranar salla, muna jere a kan dakali. Babu wanda ya taɓa shiga da mai hoto cikin gida, tunda akwai mata. Rijiya da rumbuna da ɗakin kakarmu da durumin tsakar gida babu su a ko'ina sai a kawunanmu.

A wannan shekarar Yaya ya fara gina gidan a cikin wasan. Da taku yake aunawa: ya rufe ido ya ƙirga taku nawa ne daga zaure zuwa shigifa, daga shigifa zuwa rijiya. Ya hau babur ya je Fassi inda har yanzu akwai tsofaffin katangu na ƙasa, ya ɗauki hotonsu da waya, ya liƙa wa bangayensa. Rumbu a Zinyau ya samo irin namu. Ya naɗi sautin daka, da na tantabaru, da ƙarar guga idan ta faɗa ruwa. Dodannin ya zuba su a waje, a lungun da ya taso daga kasuwa zuwa ƙofar gida, saboda masu wasan ba sa karɓar taswirar da babu faɗa. Daga zaure zuwa ciki bai sa ko ɗaya ba.

Gwaggo ce alƙaliyar aikin. Takan zo shagon ta zauna, ta ce ba ta san abin da yake yi ba kuma ba ta son sani, sannan ta miƙa yatsa ta ce rijiyar ta cika kusa da madafi, ya ja ta baya. Ta sa shi ya rushe ɗakin kakarmu sau uku saboda ƙofar ba ta kallon inda take kallo. Wata rana ta lura da abin da ke ƙasan allon.

“Wannan hannun na wane ne?”

Yaya ya ce na mai wasan ne, duk wanda ya karɓi taswirar.

“Ƙaton da ban sani ba, da bindiga, shi ne zai ratsa mana har ɗakin Inna? Kai da gyaran rediyo ka fara, yanzu ka koma dillalin gidan ubanka.”

Yaya ya yi dariya ya ce ai gidan an riga an sayar. Ta ce wancan an sayar, wannan kuwa da bakinta aka gina shi, kuma ba ta yarda ba. Sun yi kusan wata guda a kan wannan magana. A ƙarshe suka daidaita a kan abin da kowa ya sani. Baƙo zai iso zaure, ya sauke bindigarsa ya bar hannu wofi, ya tsaya cak kamar wanda ya yi sallama yana jiran amsa. Idan ya jira, za a amsa masa daga ciki, ƙofar shigifa ta buɗe. Idan ya motsa ko ya yi harbi, lissafin ya koma farko.

Tsawon jiran ni aka ba wa in auna. Na je gida huɗu a Kibiya na yi sallama ina kallon agogo, daga sallamar farko har a leƙo. Na dawo na ce daƙiƙa arba'in. Muryar da za ta amsa ma ni na naɗa, da rakodar aiki, a ɗakin Gwaggo, bayan na sa an kore kaji. Sau shida muka maimaita kafin ta daina yin muryar rediyo ta yi tata: “Wa alaikumus salam. Wane ne? To, shigo mana.”

A gidan rediyo shirun daƙiƙa biyar laifi ne da ake kiran mutum ofis a kansa. Na san wannan fiye da kowa a cikinmu. Duk da haka na rubuta arba'in a takarda na miƙa wa Yaya, ban ji komai ba, domin a zaure na aunata, kuma a zaure arba'in ba ta da yawa.

Ciwon idon Yaya ya fara ne a shekara ta biyar da fara ginin. Likita a Kano ya ce hawan jinin ido ne, an zo a makare, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa zai rage saurin tafiyar ne kawai. Ganinsa daga gefe yake cinyewa. Ya ce mini kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu, kuma kullum bututun ƙara tsukewa yake. Ya daina hawa babur. Ya daina karɓar gyaran waya, sai manyan rediyo da yake lalubawa da hannu. Taswirar kuwa da hancinsa a jikin allo ya ƙarasa ta. Mu duka mun san ba zai sake gina wata ba.

Masu ƙera taswira suna da taron da suke yi shekara shekara. A da haɗuwa suke yi a wata ƙasa mai nisa, amma a shekarar da annoba ta hana taruwa sai suka mayar da shi intanet, kowa ya kalla daga gidansa. Tsarinsu shi ne a aiko da sababbin taswirori, su zaɓa, wani gwani ya buga kowace a gaban 'yan kallo yana sharhi. Na aika da ta Yaya. Sun nemi gajeren bayani. Yaya ya yi mini shifta ta shafi biyu, tun daga zuwan kakanmu Kibiya har wanda ya dasa durumin. Na taƙaita ta zuwa layi biyar kamar yadda aka koya mini: mene ne, wa ya yi, a ina, yaushe. Bayan mako uku suka amsa cewa an zaɓe ta.

Yaya bai yi murna irin ta hayaniya ba. Ya ce kawai yana so wani wanda ba jininmu ba ya tsaya a bakin rijiyar nan ya duba, ya ce ya gani, tun shi ma yana iya ganin mutumin yana dubawa.

Ƙarfe biyar saura kwata aka kira taswirarmu. Mai gabatarwar saurayi ne mai gemu, da abin sauraro a kunne, fuskarsa a wani ɗan akwati a kusurwar allo. A gefe rubutun 'yan kallo yana gudu. Ina fassara wa su Yaya abin da yake faɗa. Abu na farko da na lura da shi shi ne ba ya tsayawa. Ko yana magana sai ya riƙa sa mutumin yana tsalle, yana zuwa hagu yana zuwa dama. Lungun da Yaya kan yi minti goma sha biyar kafin ya wuce, shi cikin minti uku ya share shi. Ya yaba bangayen, ya ce bai taɓa ganin irinsu a wasan ba. Wani a cikin 'yan kallo ya tambaya ko da gaske da ƙasa ake gini haka.

“Ka ce musu na Fassi ne,” in ji Yaya. Na ce ba sa jin mu.

Ya shiga zaure da gudu. Ya ɗaga kai ya kalli azara, ya ce an yi aiki a nan. Sannan ya nufi ƙofar shigifa ya danna. Ba ta buɗe ba. Ya sake dannawa. Ya ja baya ya harbe ta. Ya bi bangon zauren yana dannawa taku taku, yana neman ɓoyayyen madanni, don haka aka saba ɓoye su a wasan. Ya fita waje ya koma lungu yana neman mabuɗi a inda dodannin suka faɗi. Minti biyar sun wuce.

Yaya ya ce a hankali, “Ya tsaya mana.”

Na ɗauki waya zan rubuta a wurin 'yan kallo. Aka ce sai mai rajista. Na cika rajistar, aka ce an turo lamba ta saƙon waya. Na riƙe wayar ina kallo, lambar ba ta zo ba.

Mai gabatarwar ya dawo zaure. Ya ce bari ya duba bayanin mai taswirar. Ya buɗe, ya karanta layukana biyar da ƙarfi, har ya yi ƙoƙarin faɗin Kibiya. Turancin babu kuskure ko ɗaya. Babu kuma maganar tsayawa.

Ya ci gaba da harbin ƙofa da bango har harsashinsa ya ƙare, wasan ya mayar da shi hannu wofi. Sai ya saki madannan kwamfutarsa, ya juya yana karanta shawarwarin 'yan kallo. Mutumin ya tsaya cak a tsakiyar zaure, yana fuskantar ƙofa, babu komai a hannunsa. Na dubi agogona. Goma. Wani ya ce ya gwada taga. Ashirin. Ya ɗauki kofi ya kurɓa. Ina jin numfashin Yaya. Talatin. A talatin da uku ya ajiye kofin, ya sa hannu a madanni, mutumin ya yi tsalle.

Daga nan bai sake tsayawa ba. Da minti tara suka cika ya ce da alama ƙofar ta lalace, irin haka yana faruwa, abin takaici ne domin wajen yana da kyau. Ya gode wa mai taswirar. Wasu suka rubuta cewa a gwada aiki kafin a aiko. Aka sa ta gaba, wani jirgin 'yan sama jannati mai jan wuta.

Na rage sautin. Gwaggo ce ta fara magana, tana gyara mayafi.

“Shi ke nan? Ai gara da ba a buɗe masa ba. Yaro ya shigo gidan mutane yana tsalle kamar ɗan akuya, yana dukan ƙofa. Wannan ko ruwa ba a ba shi.”

Da gaske take faɗa, kuma ta gamsu. A wurinta ƙofar ta yi aikinta.

Yaya bai juyo ba, fuskarsa tana nan dab da talabijin.

“Ɗan jarida, ka rubuta musu a tsaya?”

“Ban rubuta ba, Yaya.”

“A shiftar da na yi maka akwai?”

Na ɗauko takardun biyu daga aljihun tebur na karanta daga sama har ƙasa, ko da yake na san amsar. Akwai sunan wanda ya haƙa rijiyar. Akwai shekarar da fara ta ci gero. Babu tsayawa a zaure.

“Babu.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ma bai ga abin faɗa ba a lokacin. Wa ake gaya wa ya tsaya a zaure?

Na yi ta juya wannan daga baya. Taswirar an gwada ta fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Ni na gwada, Yaya ya gwada, abokansa biyu na kasuwa sun gwada, har malamin nan maƙwabcinsa an taɓa ɗora masa hannu a madanni. Ba a yi wa ko ɗaya bayani ba. Kowa da ya iso zaure ya ga ƙofar shigifa a rufe sai ya sauke bindiga ya tsaya, wasu har da yin sallama da baki suna dariya, muryar Gwaggo ta amsa, su shiga. Gwajin bai taɓa faɗuwa ba, saboda duk masu gwajin 'yan gari ɗaya ne.

Na raka su tasha kafin magariba. Lambar rajistar ta shigo wayata ina hanyar dawowa.

Washegari na rubuta wa masu taron. Na yi bayanin zaure da shigifa da sallama, na ce ƙofar lafiyarta ƙalau, daƙiƙa bakwai suka rage. Bayan kwana goma wata mata ta amsa cikin ladabi. Ta ce abin ya ba ta sha'awa ƙwarai, za ta gaya wa mai gabatarwar, amma taron bana ya wuce, kuma ƙa'idarsu ita ce taswirar da aka riga aka nuna ba a sake nuna ta. Idan mai ita ya yi sabuwa suna maraba. Na ƙara layi na shida a bayanin, na mayar da shi inda ake ajiye taswirorin. A ƙarƙashinta akwai sharhi biyu tun ranar taron, duka suna cewa ba a iya ƙarasa ta. Na amsa musu. Ba su dawo ba.

Na ce wa Yaya ko za mu cire jiran gaba ɗaya, ƙofar ta buɗe da dannawa kamar kowace ƙofa, ko wani zai bi ta kanta wata rana. Ya ce mu gwada. Muka zauna a shagon, ni a gaban allo, shi yana faɗa mini inda zan shiga. Layukan ginin sirara ne, sun fi ɗari a zauren kaɗai, shi ba ya ganinsu, ni ban san wanne ne wanne ba. Na goge wani, rufin zauren ya faɗo ƙasa. Muka mayar. Na goge wani, ƙofar ta ɓace tare da bangon. Wajen la'asar ya ce in bari haka, kada in rushe masa gida a karo na biyu. Ya ce dama Gwaggo ba za ta yarda ba.

Watanni da yawa duk zuwana Kibiya tambayarsa ta farko bayan gaisuwa ita ce ko wani ya rubuto. Nakan duba a gabansa in ce babu. Daga baya ya koma cewa in kunna masa kawai. Sai in wuce lungun da ƙyar, in tsaya a zaure, Gwaggo ta amsa, in shiga. Yana zaune gefe yana sauraron daka da tantabaru, yana tambaya ina nake yanzu. In ce ina bakin rijiya. Ya ce in juya dama, akwai turmin da ya tsage, in duba ko tsagar ta fito. In ce ta fito. Ranar ƙarshe da muka yi haka ya ce in kashe, ba ya ganin ko hasken allon.

Gwaggo ta rasu a daminar da ta biyo baya. Yaya ya bar shagon, yanzu mai sayar da taki ne a ciki. Kwamfutar tana ɗakina a Rano, a lulluɓe da zane, kuma tana tashi idan an kunna.